Ɗana zai yi aure a Amurka, an ce dinar jajibere a kanmu take

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malama. Ni uwa ce daga Kano. Babban yaron wajena yana aiki a birnin Houston na jihar Texas, kuma in Allah ya kai mu tsakiyar Oktoba zai yi aure. Yarinyar Ba'amurkiya ce, ta musulunta tun kafin su haɗu, amma iyayenta Kirista ne. Ranar Alhamis za a ɗaura aure a masallaci, ranar Asabar kuma danginta su yi nasu taron irin na al'adarsu. Ni da mahaifinsa da baffansa za mu je, takardunmu sun kammala.

Yaron ya bugo ya ce a can akwai dinar da iyayen ango suke shiryawa ranar Juma'a da daddare, bayan an yi gwajin yadda taron Asabar zai gudana, kuma iyayen yarinyar sun bar mana ita. Na yi murna, na ce to ga inda zan fita kunyar Hausawan garin da suka riƙe mini shi shekara da shekaru. Da muka yi lissafi da ƙanwata da ke zaune can, mutum 120 muka samu. Sai ya ce kada a wuce 40. Na ce zan taho da kilishi da yaji in yi girki da hannuna, ya ce ba haka ake yi ba. Sannan wai mahaifinsa zai miƙe ya yi jawabi a kansa gaban mutane, mutumin da ko sunansa ba ya kamawa. Shi kuma Alhaji da ya ji ana shan giya a irin wannan zama, sai ya ce ko sisinsa ba zai shiga ba. Malama, abin ya tsaya mini a rai. Anya yaron nan ba kunyarmu yake ji ba? Yaya zan yi?

Uwar ango, Kano

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin lafiya.

Bari in fara da abin da ya fi ci miki rai, wato zargin cewa yaron yana jin kunyar mutanensa. Ban ga alamar haka ba a cikin abin da kika rubuto. Wanda yake son ɓoye iyayensa ba zai ɗora su a kan kujerar masu masaukin baƙi ba. Da haka ne, da sai ya biya kuɗin dinar a ɓoye, ku zo ku zauna a gefe kamar kowa, ku ci ku tashi. Shi kuwa so yake a ce surukansa a kan tabarmarku suka fara cin abinci. Matsalar ita ce ya san irin wannan zama, ku ba ku sani ba, kuma bai zauna ya yi miki bayaninsa dalla-dalla ba. Ya yi ta cewa "ba haka ake yi ba" maimakon ya ce "ga yadda ake yi". Nan ne gajen haƙurinsa, kuma kina da hakkin ki gaya masa.

Taron da za a yi ranar Asabar taro ne mai jeri. Akwai wanda zai fara shigowa, akwai mai bin sa, ƙawayen amarya da abokan ango kowa da inda zai tsaya, sannan uban amarya ya rako ta har gaba. Don kada a ruɗe gaban jama'a, sai waɗanda suke cikin jerin su je wurin tun ranar Juma'a da yamma su gwada, abin da bai fi rabin awa zuwa awa ɗaya ba. In an gama, sai a wuce a ci abinci tare. A tsohuwar al'adarsu iyayen amarya ne suke ɗaukar nauyin babban taro, iyayen ango kuma su ɗauki wannan dina. Yanzu da yawa ango da amarya su suke biya wa kansu komai, amma tun da iyayen yarinyar sun ce sun bar muku, matsayinku suka ba ku.

Masu zuwa kuwa sanannu ne: iyayen ango da na amarya, kakanni, 'yan'uwa na ciki ɗaya da matansu ko mazansu, ƙawayen amarya da abokan ango da abokan zamansu, yaran da za su shiga jerin tare da iyayensu, sai wanda zai jagoranci taron. Wasu kan ƙara da baƙin da suka taho daga nesa. In kika ƙirga waɗannan, za ki ga arba'in ɗin da ya faɗa ba daga sama ya tsinto ta ba.

Ki kuma duba yadda kuɗin yake tafiya, don a can kai ake ƙirgawa, ba tukunya ba. A Kano in baƙi suka ƙaru sai a ƙara ruwa a miya a ɗora wata shinkafar. A gidan abincin Amurka kowace kujera da kuɗinta. Mu ɗauka misali an yi ciniki a kan dala 50 kowane mutum. Mutum 40 dala 2,000 ke nan. A Houston harajin saye kashi 8.25 cikin ɗari ne, wato ƙarin dala 165. Sai kuɗin masu hidima, wanda ga taro irin wannan galibi ana saka shi cikin takardar biya kai tsaye, kashi 18 zuwa 20, a ce dala 400. Kin ga an tashi a dala 2,565. Ki ninka wannan sau uku, shi ne kuɗin mutum 120 ɗinki, kusan dala 7,700, a daren da ba shi ne bikin ba. Kuma ɗakin da aka kama yana da iyakar mutanen da doka ta yarda ya ɗauka, masu wurin ba za su ɗaga ƙafa ba don an ce ƙawar uwar ango ce ta zo da 'ya'yanta.

Amma ko da kuɗin a zube suke, ba zan ba ki shawarar tara mutum 120 ba. Ki kwatanta kanki da mahaifiyar yarinyar nan. 'Yarta ta bar addinin da ta tashi a ciki, za ta auri ɗan wata ƙasa da ita uwar ba ta taɓa takawa ba, kuma ba ta san ku ba sai a hoto. Ta shigo ɗaki ita da danginta su goma sha wani abu, ta tarar da mutum ɗari suna magana da harshen da ba ta ji, kowa ya san kowa. Za ta gaishe ki, ta yi murmushi, ta koma gida da tsoron da ta zo da shi. Ranar Asabar kuma ba za ku samu zama ba, don ranar hayaniya ce da hotuna. Daren Juma'ar nan shi kaɗai ne kuke da shi, ke da ita, ku zauna kusa da juna ku ci abinci, ta ga hannun da 'yarta ta faɗa. Jikokinki a gidan matar nan za su riƙa yin hutu, Hajiya, ke kina Kano. Wannan zumuncin ya fi ƙarfin a saye shi da cikar ɗaki.

Ban ce ki watsar da mutanen da suka riƙe miki yaro ba. Bashi ne a kanki, kuma kin yi daidai da kika ji nauyinsa. Wanda ya kai shi asibiti ranar da ba shi da lafiya, da wadda take aika masa buɗa baki da azumi, ba a yi musu biki a bayan ido. Sai dai wurinsu walima ce. Ita ce sunna, kuma dama a kan ango take. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Abdurrahman bin Auf ya yi walima ko da da akuya guda ce. Ku sa ta ranar Lahadi da rana. Masallatai da dama a Houston suna da zauren taro da ake bayarwa haya, ƙanwarki za ta san wanda Hausawan garin suka saba amfani da shi. A can ne za ki ɗora manyan tukwane, ki kira ɗari da ashirin ɗinki har da ƙari, a gayyaci iyayen amarya su ma su ga irin namu. Kuɗin da zai ciyar da mutum 40 a gidan abinci zai yi nisa sosai in mata suka haɗu suka yi girkin da kansu.

Kada ki bari su ji labarin dinar Juma'a a bakin wani. Ki ɗauki waya da kanki ki kira manyan matan cikinsu, ki ce musu Juma'a zaman iyaye ne da 'yan jerin amarya bisa al'adar surukai, taronmu kuma Lahadi ne, ina so ku tsaya mini. Sun daɗe a ƙasar, sun san abin. Wanda aka ba aiki a walima ba ya jin an ware shi. Waɗanda kuma kika saka cikin arba'in ɗin, a gaya musu a fili cewa kujera a ƙirge take, ban da gayyar soɗi, ban da ɗauko maƙwabciya. Mu da kunya, faɗin wannan yana da nauyi a baki, sai ki bar wa ƙanwarki ta faɗa.

Maganar giya, Alhaji yana kan gaskiya, kuma abin bai kai a ɗaga murya ba. A al'adar tasu ma mai gayya shi yake yanke abin da za a ci da abin da za a sha. Biki ba giya ba baƙon abu ba ne a kudancin Amurka. Akwai Kiristoci da yawa a can, musamman 'yan ɗariƙar Baptist, da ba sa sha sam. Hanya mafi sauƙi ita ce a zaɓi wurin da ba a sayar da ita gaba ɗaya, don kada a kai ga hana kowa komai. Houston cike take da gidajen abincin halal na 'yan Pakistan da Larabawa da Turkawa, titin Hillcroft kaɗai ya ishe ku zaɓi, kuma kudu maso yammacin birnin nan ne 'yan Najeriya suka fi yawa da shagunansu. Amma yaron ya yi tambaya biyu kafin ya biya kafin alƙalami. Ta farko, suna sayar da giya? Don akwai masu naman halal da suke sayarwa. Ta biyu, suna barin baƙo ya shigo da kwalbarsa? Wannan abu ne da aka saba a Texas a wuraren da ba su da lasisin sayarwa. Sannan a rubuta a katin gayyata, cikin ladabi, cewa zama ne ba giya, amarya kuma ta gaya wa iyayenta tun yanzu. Abin da yake ɓata wa mutane rai shi ne su zo su tarar, ba a gaya musu ba.

Kada ku yarda da sulhun nan na cewa ku biya abinci, mai son sha ya saya da kuɗinsa a wurin. Ba zai kwantar wa Alhaji da hankali ba, don hanin bai tsaya ga saye ba, har da zama a teburin da ake zagayawa da ita. Wanda yake so ya je inda yake so bayan an tashi. Kuma tun da an taɓo maganar, taron Asabar ba a hannunku yake ba. Ku tambayi yaron yau yadda aka tsara shi. In za a sha a can, a san teburin da za a ajiye ku da lokacin da za ku tashi, ya kuma nemi shawarar limamin da zai ɗaura auren, don limaman can sun saba da gidaje irin wannan. Kada a bari sai ranar Alhaji ya gani da idonsa ya miƙe ya fita, wannan tabo ne da zai daɗe bai goge ba.

Yanzu girki. Na san abin da kike nufi da "da hannuna", kuma ba na so ki rasa shi duka. Yawancin gidajen abinci ba sa yarda a shigo da dafaffen abinci daga waje, shi ya sa ya ce miki a'a. Mafita biyu ce. Ko a kama ɗaki a gidan abincin halal a roƙe su ki kawo abu ɗaya ko biyu naki, kamar zoɓo da cincin ko dubulan, wasu suna yarda in an tambaya tun wuri. Ko kuma a kama ƙaramin zaure, ko a yi a gidan ƙanwarki in yana da fili, a ɗauki mai dafa abincin biki 'yar Najeriya ta yi manyan, ke ki yi masa da miyarta. Ni na fi karkata ga na farkon. Tsakanin Kano da Houston a watan Oktoba akwai bambancin awa 6, jikinki zai kwana biyu bai daidaita ba, ga ɗaurin aure Alhamis, ga walima Lahadi. Uwar ango da ta yini a gaban tanda ba za ta iya zaman hira da suruka da daddare ba, kuma hirar ita ce aikinki a wannan dare.

Ko wanne kuka zaɓa, ki riƙe maganar gyaɗa da muhimmanci, don nan ne wasa yake zama asibiti. A Amurka akwai mutane da yawa, musamman yara, da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko kaɗan, ɗan ƙanƙanin abu sai maƙogwaro ya kumbura numfashi ya sarƙe. Dokar ƙasar ta ware abinci 9 da dole a bayyana su a jikin kayan da aka ƙunsa don sayarwa: madara, ƙwai, kifi, dangin jatan lande da ƙaguwa, 'ya'yan itace masu ɓawo irin su yazawa, gyaɗa, alkama, waken suya, sai riɗi da aka ƙara a 2023. Ki dubi girkinmu da wannan ido. Yajin tsire da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi. Miyar taushe da gyaɗa muke kaɗa ta. Ga man gyaɗa, ga kantu, ga garin kirifish da ake barbaɗawa a miya ba wanda ya gani. Don haka a katin gayyata a tambayi kowa ko akwai abin da ba ya ci, a kuma ajiye 'yar takarda gaban kowane kwano da bayanin abin da ke ciki. In aka ce akwai mai matsalar gyaɗa a cikin baƙi, a cire ta daga girkin daren gaba ɗaya, kada a ce ai an ware masa nasa, don cokali ɗaya ya isa ya kai ta. Barkono kuma a sassauta, a ajiye yaji a gefe ga mai so. Jalof, gasasshiyar kaza, masa, sinasir, duk baƙo yana iya cin su ba tare da an koya masa ba. Tuwo da miyar kuka a bar wa Lahadi.

Kilishi kuwa ki bar shi a Kano. Jami'an kwastan na Amurka ba sa barin a shigo da nama daga Najeriya, ɗanye ne ko busasshe, har da dambun nama. Za su karɓe, in kuma ba ki faɗa ba suka gano da kansu, ga tara ta ɗaruruwan daloli, ga ɓacin suna a takardunki. Busasshen yaji da kayan ƙamshi galibi suna wucewa, amma ƙa'idar ita ce duk wani abin ci da ke jakarki, har goro, ki faɗa musu da bakinki su duba. In sun karɓe abin da kika bayyana, ba laifi a kanki. Haka kuɗi: in abin da ke hannunku ke da Alhaji a haɗe ya wuce dala 10,000, dole a bayyana. Zoɓo da citta da aya duk akwai su a shagunan 'yan Afirka na Houston.

Sai jawabi, wanda na san shi ne Alhaji zai fi jin nauyinsa. Kunyar ɗan fari ba ƙiyayya ba ce, mu mun san haka. Uban da ba ya kama sunan ɗansa, ba ya yabonsa gaban jama'a, wani lokaci shi ne ya fi kowa sonsa. Amma mutanen da za su zauna a ɗakin nan ba su san wannan ba. A wurinsu uban ango shi yake buɗe taro da maraba, uban amarya ya mayar, abokai su ɗan tofa, ango da amarya su rufe da godiya. In uban ango ya zauna shiru daga farko har ƙarshe, fassara ɗaya za su yi masa: bai yi na'am da auren ba. Kuma wadda za ta fi kowa ɗaukar wannan fassara ita ce amarya. Yarinyar da ta musulunta ta riga ta san ɗacin a dube ta a matsayin bare, a gidansu da kuma wani lokaci a masallaci. Idonta yana kanku tun daga ƙofa.

Ba sai Alhaji ya karya al'adarsa ba. Ya miƙe a matsayin mai gida, minti biyu ko uku. Ya yi wa baƙi maraba, ya gode wa iyayen yarinyar bisa tarbiyyar da suka ba ta da kuma amanar da suka damƙa, ya ce ya yi 'ya. Duk wannan a kan amarya da iyayenta ne, ba inda sunan ɗansa ya shigo. Yabon ango kuma aikin baffa ne, kamar yadda a gida ma shi yake tsayawa ya karɓa masa aure. Baffan ya ba da labarin yaron, ƙuruciyarsa, karatunsa, halinsa, kuma ya ɗan yi wa baƙi bayanin cewa a wurinmu iyaye ba sa ambaton sunan ɗan fari ko yaba shi a fili, don kawaici. Ina tabbatar miki za su saurara da kyau, su kuma fahimci shirun da suka gani a ɗaurin aure. In da Hausa Alhaji ya fi sakewa, ya yi da Hausa, wani matashi cikin dangi ya riƙa fassarawa jimla bayan jimla. A rufe da addu'ar aure, "Barakallahu laka, wa baraka alaika, wa jama'a bainakuma fi khair", a gaya musu ma'anarta: Allah ya yi albarka, ya haɗa su a kan alheri. Ba uwar da za ta ƙi cewa amin ga wannan. Su sun saba ɗaga kofi bayan jawabi. Zoɓo ko ruwan tuffa ya wadatar, in kuma Alhaji bai so, amin ɗin ta isa.

Ki ja kunnen baffa da abokan ango a kan abu uku da bakinmu ya saba da su a wurin biki. Kada wanda ya yi wasan "saura ta biyu", ko da raha ce, don a kunnen iyayen yarinyar ba raha ba ce. Kada a mai da jawabi wa'azi ga iyayenta. Kada kuma a tsare amarya da doguwar nasihar haƙuri da biyayya gaban danginta. Wannan ki yi mata ke da ita a ɗaki, bayan kun saba. Ke kanki ba dole ki miƙe ba. Amma ki nemi a zaunar da ke kusa da mahaifiyarta, da ƙanwarki a gefe tana fassara, kuma kafin a tashi ki kama hannun amarya gaban uwarta ki ce mata kin karɓe ta 'ya. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma fuska ba ta buƙatar tafinta.

Akwai ƙananan abubuwa da yaron ya kamata ya share hanyarsu tun kafin ku sauka. Uban amarya zai miƙo miki hannu, wataƙila ma ya nufo ki da runguma, haka matansu za su yi wa Alhaji. A gaya musu tun da wuri cewa ku hannu kuke ɗorawa a ƙirji, don kada a bar hannun dattijo a miƙe. Ki tambaya ko iyayen nata suna tare ko sun rabu kowa ya sake aure, saboda tsarin zama. Kada ki sa farin leshi, fari na amarya ne a can har a daren jajibere, ba kuma a yin anko ko liƙi a wannan zama. Turaren wuta kada a kunna shi a gidan abinci ko ɗakin otal, na'urar hayaƙi za ta tashi. Tsaraba kuwa tana da kyau ƙwarai: turmin atamfa ga uwar, hula ko jakar fata aikin Kano ga uban, a ba su a ƙarshen zama.

Lokaci ma a riƙe shi. In an rubuta ƙarfe 6, ƙarfe 6 za ki gan su, kuma masu gayya su ne suke riga kowa isa su tsaya a ƙofa. A zaɓi wurin da bai yi nisa da inda za a yi gwajin ba, don cunkoson motocin Houston ranar Juma'a da yamma ba dama. A tsakiyar Oktoba magariba tana faɗawa wajen bakwai saura, wato kuna tsakiyar zama, sai a nemi ɗan lungu mai tsabta tun ranar kama wuri, a sanar da baƙi za a ɗan tashi salla minti goma. Jawabai su biyo bayan abinci, ƙarfe 9 a watse, don gobe amarya da ƙawayenta da sassafe za su tashi.

Abin da ya rage na wannan makon ne. Wuraren da suke da ɗakin taro suna cika da wuri a daren Juma'a, don haka yaron ya kama wuri yanzu, katin gayyata kuma ya fita kamar wata ɗaya ko sati shida kafin ranar, da sunanki da na Alhaji a matsayin masu gayya. Alhaji ya faɗi abin da zai iya bayarwa, yaron ya cika sauran, ba wanda zai tambayi daga aljihun wa. Ke kuma ki ce masa ya haɗa ki da mahaifiyar amarya ta wayar bidiyo, shi ko ƙanwarki suna fassara. Ki gaishe ta, ki tambaye ta su wa take so lallai a gayyata daga ɓangarenta, da abin da za a ci ranar Asabar don kada a maimaita. A al'adarsu dangin ango ne ake sa ran su fara neman na amarya, kamar dai a namu, kuma ina kyautata zaton ta daɗe tana jiran wannan kira.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba.